Yadda Na Rage wa Alhaji Zaure da Bakina

Duk ɗalibin da shekarar 2022 ta riska a jami'ar gwamnati ba sai an tuna masa da yajin aikin ƙungiyar malamai ta ASUU ba, wanda aka shiga ranar 14 ga Fabrairu, ba a kuma janye shi ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. A cikinmu wasu sun koyi ɗinki, wasu sun kama sana'ar POS, wasu ma aure suka yi. Ni kuwa bayan na shafe makonni ina zaman kashe wando, sai na tuna da cewa zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Wani abokin yayana ya yi mini hanya zuwa wani ofishin masu zanen gine-gine da ke saman bene a unguwar Bodija, nan cikin Ibadan, domin in sami abin da ake kira sanin makamar aiki.

Na san mai karatu zai ce me ya haɗa ɗalibin harshe da zanen gini. Ni ma na tambayi kaina. Ofishin yana da ɗalibai biyu 'yan kwalejin kimiyya da fasaha, namiji da mace, waɗanda suka zo a ƙarƙashin shirin SIWES, kowannensu da littafin da yake cikewa kullum. Ni ba ni da littafi, ba ni da malamin da zai zo dubiya. Abin da ya sa maigidan, wanda kowa ke kira Oga, ya karɓe ni shi ne Hausa. Yawancin masu haƙa da masu ɗaukar kankare a wuraren aikinsa 'yan Arewa ne, yana kuma son wanda zai riƙa isar musu da saƙo ba tare da an yi ta nune-nune da hannu ba.

Makonnin farko ba wani abin ba da labari. Na koyi naɗe babbar takardar A1 har ta dawo girman A4 ba tare da sunan aikin ya ɓoye ba, na koyi tayar da janareta, na kuma san duk mai sayar da amala tsakanin ofis da kasuwar Bodija. Abu ɗaya da ya kama hankalina shi ne ranar da ɗalibar nan ta zaunar da ni ta koya mini karanta taswirar gida. Ta ce in ɗauka an yanke gidan da wuƙa daidai ƙugun mutum, an ɗauke na sama, ina leƙowa daga bisa. Layi mai kauri bango ne. Siraran layuka a tsakiyar bango taga ce. Ɗan bakan nan mai kama da jinjirin wata ƙofa ce, yana nuna ɓangaren da take buɗewa. Santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a ƙasa. Sai na ga ashe wannan ma rubutu ne kamar boko ko ajami, da baƙaƙensa da ƙa'idojinsa, kuma wanda bai koya ba, ko ya yi shekara yana kallo zane kawai zai gani. Da na riƙe wannan darasi da kyau, da abin da ya faru daga baya bai faru ba.

A wurin aiki kuma na koyi haɗin kankare irin wanda Oga ba ya yarda a saɓa masa: siminti kashi 1, yashi kashi 2, tsakuwa kashi 4. Buhun siminti mai kilo 50 yana cika kwanon sarki biyu, don haka kowane buhu yashi kwano huɗu yake ci, tsakuwa takwas. Aikina in tsaya ina ƙirga kwanuka da ƙarfi. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa, kuma sai an riƙa ba shi ruwa a kwanakin farko kamar shuka. A lokacin, benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya hallaka mutum sama da 40, yana bakin kowa a wannan sana'a. Oga kan ce hatiminsa na hukumar ARCON da yake bugawa a kan zane wuyansa ne yake ajiyewa.

A cikin watan Mayu ne Alhaji ya zo.

Dattijo ne Bazazzage, dillalin kayan gwari, wanda ya fi shekara talatin yana sauke tumatir da tattasai da albasa a kasuwar Shasha. A rikicin da ya auku a kasuwar cikin Fabrairun 2021 gidansa na cikin waɗanda suka ƙone. Ya sayi fili a wajen Moniya, yana son ya sake kafa gida. Yana jin Yarabanci sarai, amma ya ce da ni, "Ɗana, Yarabancina na ciniki ne. Maganar gida kuwa da harshen uwa ake yin ta." Aka ba ni kujera tsakaninsa da Oga. Ranar ji nake kamar ni ne tafintan Majalisar Ɗinkin Duniya.

Alhaji ya fara jero buƙatunsa yana ƙirgawa da yatsu. Ɗaki ciki da falo ga kowace daga cikin matansa biyu, kada wani ya ɗara wani ko da taku ɗaya. Ɗakin samari. Turakarsa. Sannan ya ce, "Uwa uba, zaure. A yi mini zaure, a bayansa a yi shigifa."

Nan ne na yi tuntuɓe, ban ma san na yi ba. A gidan haya na tashi a Mokola, irin mai dogon lungu da ɗakuna suna fuskantar juna. Kalmar zaure na san ta, na karanta ta a littattafan adabi, na ma taɓa kawo ta a jarrabawa a matsayin misalin suna namiji mai jam'i zauruka. Amma ban taɓa wuni a cikin zaure ba. Abin da ke kaina shi ne wurin da ake bi a shiga gida. Sai na waiwayi Oga na ce masa Alhaji yana son lobi, wato ɗan filin nan da mutum ke ratsawa in ya shiga otal ko ofis. Shigifa kuwa, da yake ban tabbatar da ma'anarta ba, kuma ina jin kunyar in tambaya a gaban mutane a ce ɗalibin Hausa bai san Hausa ba, sai na haɗiye ta. Na ce a raina ai duk tafiyar ɗaya ce. Oga ya rubuta kalma ɗaya a inda Alhaji ya faɗi biyu.

Bayan mako uku zane ya fito. Aka nuna wa Alhaji hoton kwamfuta mai nuna gida kamar an riga an gina shi, da fenti ruwan madara da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, har da mota a tsakar fili. Ya yi ta cewa masha Allahu. Aka shimfiɗa masa taswira, na bi ta da yatsa ina cewa ga ɗakin Hajiya babba, ga na amarya, ga zaure. Ya gyaɗa kai. Yanzu na san layuka kawai yake gani, kamar yadda nake gani kafin a koya mini. Ya sa hannu, aka kai zane ofishin tsara gari aka sami izini, aka ja igiya, aka haƙa rami, aka zuba kankaren tushe, birkiloli suka ɗora bulo mai inci 9 sahu uku.

Wata ranar Asabar Alhaji ya zo ganin aiki. Ya tattare babbar rigarsa, ya riƙa tsallake bulo yana shiga ɗaki-ɗaki. Da ya gama zagayawa sai ya dawo bakin ƙofa ya ce, "To, ina zauren?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai a cikinsa kake tsaye."

Ya dubi ƙasa. Wurin mita 1.8 ne a mita 2.4, tabarma ɗaya ta cinye shi. Ya ɗaga kai ya dubi gabansa: daga inda yake tsaye ido yana wucewa ta falo, ya dire a ƙofar kicin. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ɗana, in direbobina suka iso daga Ikara ko Danja da tsakar dare, a nan za su kwana? In aka yi mini haihuwa, a nan za a raɗa suna? In na mutu, a nan za a zauna karɓar gaisuwa? Kuma duk wanda ya yi sallama sai ya ga abin da iyalina ke dafawa?"

Na fassara wa Oga, amma a taƙaice, na ce Alhaji ya ce wurin ya yi kaɗan. Ran Oga ya ɓaci. Ya ce in gaya masa shi ya nemi lobi, an zana masa lobi, ya kuma sa hannu, duk canjin da za a yi yanzu daga aljihunsa ne. Ya ƙara da cewa ya gaji da masu sauya ra'ayi bayan an zuba siminti.

'Yan'uwana ɗalibai, a nan nake son ku tsaya tare da ni. Mutum biyu suna tsaye, kowa yana ganin ɗayan ne ya cuce shi, kuma ni kaɗai na san gaskiya, domin ni kaɗai ne na ji maganar ta kowane ɓangare. Da na ga dama sai in ce wa Alhaji mai zane ne bai fahimta ba, in ce wa Oga tsohon ne ya canza magana, kowa ya tafi da haushin ɗan'uwansa, ni in fita fes. Ba zan ɓoye muku ba, hakan na fara yi. Na sassauta maganar Oga, na lulluɓe ta Alhaji, aka rabu a kan za a sake zama. A aji ana koya mana cewa amana ita ce sharaɗin farko na fassara, mu rubuta mu ci maki. Ban san nauyin kalmar ba sai da na ga yadda cin amanar yake da sauƙi, ba mai kama ka.

Sai dai akwai wanda ya gani. Wani tsohon birkila Bakano da muke kira Baba yana gefe yana wanke cokalinsa na gini. Da za mu tafi ya kira ni, ya ce, "Samari, tun ranar da aka ja igiya na san ba soro a gidan nan. Na ɗauka mai gidan ne ɗan boko." A Kano soro suke cewa inda Zazzagawa ke cewa zaure, wannan ma ranar na riƙe shi. Ya dube ni ya ce, "Wa ya faɗa wa mai zane abin da Alhaji ke so?" Na ce ni ne. Bai ƙara komai ba, ya ci gaba da wanke cokalinsa.

A mota, muna cikin cunkoson Ojoo, na faɗa wa Oga. Na ce kalmar da Alhaji ya faɗa ba lobi take nufi ba, akwai kuma ta biyu da na yar gaba ɗaya don ban san ta ba. Ya yi shiru har muka wuce ƙofar jami'a. Na riga na sallama cewa aikina ya ƙare. Da muka isa ofis sai ya hau kujera ya sauko da wani tsohon littafi mai ƙura, na wani Bajamushe mai suna Friedrich Schwerdtfeger, wanda aka buga a 1982, inda ya kwatanta gidajen gargajiya na Zariya da na Ibadan da na Marrakesh. Ya ce tun yana ɗalibi ya saye shi, rabonsa da buɗe shi ya manta. Ya ce laifin kashi biyu ne: ni na ba shi kalmar da ba ita ba, shi kuma ya karɓi kalma ɗaya ya zana gida a kanta bai yi tambaya ba. Sannan ya ba ni aiki. Ya ce kada in sake kawo masa sunan ɗaki. In kawo masa wa ke shiga, daga ina, ya tsaya a ina, wa yake gani, wa kuma ke ganinsa.

Mako biyu na yi a kan wannan, kuma su ne makonnin da na fi ƙaruwa a duk zamana. Na ɗauki tef na shiga Sabo, unguwar da Hausawa suka kafa tun 1916, wadda nake ratsawa tun ina yaro ban taɓa kallon ƙofofinta ba. Na roƙi dattawa suka bar ni na auna zaurukansu. Na zauna da Baba birkila yana zana mini da tsinke a ƙasa. Abin da na gano shi ne gidan Bahaushe a jere yake kamar matakala, kowane mataki da wanda aka yarda ya taka shi. Dakali na kowa ne, har mai wucewa. Zaure na duk wanda ya yi sallama ne: nan maigida ke karɓar baƙi, nan ake cin tuwon dare da maƙwabta, nan malami ke ba da karatu, nan maɗinki ko dukawa ke sana'a, nan baƙo ke kwana. Bayansa akwai fili da ɗakunan samari. Sai shigifa, zaure na biyu, inda sai dangi da aminai ke kaiwa, inda kuma matar gida za ta iya fitowa ta gaisa da ɗan'uwanta. Daga nan sai cikin gida. Sirrin kuwa yana ga ƙofofi: ba a taɓa sa ƙofar shiga ta fuskanci ta fita, sai an karkace, don ido ya ci karo da bango. Ko labule ba a buƙata.

Baba ya kuma nuna mini abin da ya sa zaure ya zama wurin da magini ke nuna gwanintarsa. Azara, wato tsagin giginya da ake rufi da shi, ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta kai mita biyu ko ta wuce. Wanda ke son ɗaki mai faɗi sai an ɗaura masa azara a kan azara, ana turo su daga bango kaɗan-kaɗan har su haɗu a sama, a lulluɓe da ƙasa, shi ne bakan gizo. Da wannan dabara Babban Gwani Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, wanda akwai kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Saboda haka girman zauren mutum da yawan bakansa su ke faɗin matsayinsa tun kafin ya buɗe baki. Ni kuwa na ba dillalin da ke sauke manyan motoci wurin tabarma ɗaya.

Da na koma wa Alhaji, sai da na fara ba shi haƙuri. Na ce, "Ranka ya daɗe, kuskuren nawa ne, ba na mai zane ba." Ya yi dariya ya ce ai ya sani tun ranar, don ya ji kalmar da na faɗa ta fi tasa gajarta. Na tambaye shi batun doguwar katanga da ɗakin maigadi, domin Oga ya ɗauka wanda gidansa ya ƙone ba abin da zai fi so kamar su. Amsarsa ta ba mu mamaki. Ya ce daren da aka yi tashin hankali, wani maƙwabcinsa Bayarabe ne ya ɓoye masa mata da yara a ɗakinsa har gari ya waye, kuma sanadin sabonsu shi ne shekaru da suka yi suna shan shayi a ƙofar gidansa. Ya ce, "In na kewaye kaina da katanga da ƙofar ƙarfe a sabuwar unguwa, wa zai san ni? Ƙofar ƙarfe korar mutum take yi. Zaure kuwa cewa yake bismilla." Wannan karon na fassara wa Oga kalma bayan kalma, ban rage ko wasali ba.

Akwai kuma waɗanda ba wanda ya tambaya tun farko, wato matan gidan, alhali su za su wuni a cikinsa. Ɗalibar ofishinmu ce ta kawo wannan shawara, ita ta shiga wurinsu, 'yar Alhaji tana yi mata tafinta, ni ina waje. Ta fito da shafi biyu. Hajiya babba ta ce kicin na zamani da aka zana yana da kyau a ido, amma ina za ta ɗora tukunyar suna ko ta azumi? Tana son madafa a waje mai rumfa, da famfo a tsakar gida, da wurin shanya. Dukansu biyu kuma, kowace a ɓoye, sun roƙi kada ƙofar ɗaya ta kalli ta ɗaya. Alhaji da ya ji wannan sai ya ce shi bai taɓa sanin akwai matsala ba. Muka yi shiru.

Sabon zanen bai zama gidan Zariya sak ba, ba zai ma yiwu ba. Zauren gargajiya a bakin hanya yake zama, dokar tsara gari kuwa ta ce sai an ja da baya an bar tazara tsakanin gini da titi. Ruwan saman Ibadan ma ba ya wasa da rufin ƙasa. Oga ya ja zauren baya, ya yi shi mita 5 a mita 6 da bulo da kwano, ya ba shi banɗakinsa da wurin alwala, ya sa dakali a gaba, ya rage katangar gaba ta dawo iya ƙirji. Ƙofar ciki ya kai ta kusurwa. Shigifa ta zama ƙaramin falo mai ƙofa biyu. Na lura yana jin daɗin aikin, har yana kiran abokansa su zo su gani, yana faɗin kalmar da bakinsa, ko da yake har na bar ofishin "saure" yake cewa.

An yi hasara. Sai da aka sake kai zane neman izini, aka yi watsi da wani sashe na tushen da aka riga aka zuba, aiki ya tsaya kusan wata biyu a tsakiyar damina. Oga bai karɓi ko kwabo a kan sabon zanen ba, Alhaji ya ɗauki kuɗin siminti da bulon da suka tafi a banza. Ni da na jawo abin ban biya komai ba, domin kuɗin mota kawai ake ba ni, ba abin da za a cira. Wannan ya fi damuna fiye da a ce an cire.

Da aka janye yajin aiki na koma aji, gini yana daidai linta. Sai a azumin 2023 na sake zuwa Moniya, Alhaji ya aiko a kira ni shan ruwa. Na tarar da zauren cike: direbobi biyu da suka iso da rana, Baba birkila, limamin unguwa, da wasu maƙwabta Yarabawa uku, ɗayansu ma ba Musulmi ba ne, kunu ya kawo shi. Daga inda na zauna na gwada leƙen cikin gida, bango kawai na gani. Wani yaro ya gaya mini guntun tsohon tushen yana nan a tsakar gida ba a fasa shi ba, a kansa Hajiya ke ɗora turmi.

Da aka yi kiran salla aka miƙo dabino, Alhaji ya nuna ni ga liman ya ce, "Malam, ka san wannan? Shi ne mai lobi." Har yau a gidan da wannan suna yara ke kirana.